Darasi: Tseren mota ba tare da mota ba

A manyan biranen Turai, idan ana bikin baje kolin motoci, akan ware wani wuri don gasar tuƙi. Babu mota ko ɗaya a wurin. Kujeru ne a jere, kowace da sitiyari a gabanta, da totur da birki a ƙasa, da babban allo irin na telebijin. Kwamfuta ce take haɗa su. Ana kiran wannan na'ura makwaikwayin mota.

Idan ɗan takara ya zauna, sai hanya ta bayyana a allo. In ya murɗa sitiyari, motar cikin allo ta juya. In ta hau gargada, sitiyarin ya yi rawa a hannunsa. Jama'a na tsaye a baya suna kallo. Kwamfuta tana ƙidaya lokacin kowa. Wanda ya zagaye fili cikin lokaci mafi ƙanƙanta, shi ne zakara.

Sabon shiga yakan take totur har ƙasa. Da ya iso kwanar farko, sai mota ta ƙwace masa, ta daki shinge. Gwani kuwa yakan taka birki tun kafin kwana, ya shige ta a hankali, sannan ya ƙara wuta. Ai Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

A shekarar 2008, kamfanin motoci na Nissan da kamfanin Sony suka buɗe wata gasa mai suna GT Academy. Wasu ƴan takara suna yi daga gida, wasu a wuraren taron jama'a. Wanda ya ci, za a koya masa tseren gaske.

A 2011, mutane wajen 90,000 suka shiga. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan Birtaniya mai shekara 19, sunansa Jann Mardenborough. Tun yana yaro yake wannan wasa a ɗakinsa. Bai taɓa tsere da motar gaske ba. Aka tace ƴan takara, aka kai ƴan kaɗan filin Silverstone na Ingila. Can aka gwada ƙarfin jikinsu, aka sa su cikin motoci na gaske. Jann ya zo na ɗaya.

Bayan shekara biyu, a 2013, ya shiga babban tseren Le Mans na ƙasar Faransa. Ana yin wannan tsere awa 24, dare da rana, direbobi uku suna karɓa-karɓa a mota guda. Jann da abokansa suka zo na uku a rukuninsu.

Amma akwai abin da na'ura ba ta koyarwa. A allo, idan mota ta kife, sai a danna maɓalli a sake farawa. A watan Maris na 2015, Jann yana tsere a ƙasar Jamus, iska ta shiga ƙarƙashin motarsa, ta ɗaga ta sama. Motar ta tsallake shinge ta faɗa inda ƴan kallo suke. Mutum ɗaya ya rasu. Jann ya tsira, amma babu maɓallin da zai maido da wannan rai.

Na'ura malama ce mai haƙuri: ko sau ɗari aka yi kuskure, tana yafewa. Hanya ba ta yafewa. Shi ya sa direban kirki yake sanin birki kafin ya san totur.

Ma'anar kalmomi
Makwaikwayin mota: na'urar da ke sa mutum ya ji kamar yana tuƙi.
Totur: abin da direba ke takawa don mota ta ƙara gudu.
Gargada: hanya mai tudu da kwari.
Rukuni: kashi na abubuwa iri ɗaya.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa ne ake samu a makwaikwayin mota?
2. Me gwani yake yi kafin ya shiga kwana?
3. A wace shekara Jann ya ci gasa? Shekararsa nawa a lokacin?
4. Me ya bambanta kuskure a allo da kuskure a hanya?

Lissafi
1. Direbobi 3 sun raba awa 24 daidai wa daida. Awa nawa kowa ya yi?
2. Mota tana zagaye fili cikin minti 4. Sau nawa za ta zagaye shi cikin awa 1?

Aikin gida
Ku tambayi wani direba na unguwarku abin da yake yi idan ya kusa kwana. Ku rubuta amsarsa cikin jimla uku.