'YAN UKU A KWALBA: ABIN DA YA HAU KAN IYAYE DA ABIN DA SHARI'A TA SAUƘAƘA MUSU



'Yan uwa, a al'adarmu idan mace ta haihu lissafin kowa ɗaya ne: kwana bakwai a yi suna, a yanka rago, mai jego ta ci gaba da wanka. To amma akwai gidajen da wannan lissafin ba ya yi musu aiki. Mace ta haihu cikin bai kai ba, kuma 'yan uku ne, an kwashe su an sa a kwalba, ita tana kwance da ɗinkin aiki, maigida yana zarya tsakanin kantin magani da ƙofar ɗakin jarirai. A irin wannan halin ne tambayoyi suke zuwa mini: Malam, a yi suna ko a jira? Raguna nawa? Nono bai isa ba, ƙanwarta za ta iya taimakawa? Ɗaya ya koma, za a yi masa salla?

Na tattara su a darasi ɗaya. Abin da ya shafi lafiya, likitan da ke duba jariran shi ne mai magana ta ƙarshe. Abin da ya shafi hukunci kuma zan kawo yadda malamai suka yi bayani.

1. WANE NE BAKWAINI?

A lissafin asibiti cikakken ciki sati 40 ne. Duk jaririn da aka haifa kafin sati 37 ya cika, shi ne muke kira bakwaini, ko da ba a wata bakwai ya zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin kowane jariri goma, kuma Najeriya ce ta uku a yawa bayan Indiya da Pakistan. Su kuwa 'yan uku, mafi yawansu ba sa kai lokaci, galibi wajen sati 32 suke zuwa, domin mahaifa ɗaya ce take ɗauke da mutum uku. Kun ga ke nan ba sakacin uwa ba ne, ba kuma baki ko sammu ba. Kada dangin miji su ɗora mata laifi.

Shi ya sa duk matar da hoton ciki ya nuna 'yan uku, tun daga awo a tsara ta haihu a asibitin da ke da sashen jarirai na musamman, wanda za ka ga an rubuta SCBU a ƙofarsa, kamar asibitin koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna ko na Shika a Zariya. Kai su suna cikin uwa ya fi ɗauko su a zani a Keke Napep bayan an haife su.

Akwai kuma wata fa'ida ta fiƙihu a nan. Aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta haɗa ciki da yaye a wata 30, aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta sa cikakkiyar shayarwa shekara 2. A cire 24 daga 30, saura 6. Daga nan aka ruwaito Sayyidina Aliyu da Ibn Abbas, Allah Ya ƙara musu yarda, sun fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata 6 ne, mazhabobi huɗu kuma suna kan haka. Saboda haka amaryar da ta haihu wata bakwai bayan tarewa, ɗan na mijinta ne. Masu ƙirga watanni da yatsu a gidan barka, ku ji tsoron Allah, wannan hanya ce ta ƙazafi.

2. ME KWALBA TAKE YI?

Iyaye da yawa idan suka ga wayoyi da robobi sai hankalinsu ya tashi. In ka san aikin kowanne, tsoron zai ragu.

Na farko ɗumi. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa zafin jiki, sanyi kaɗan yana iya halaka shi, balle a hunturun Kaduna. Kwalba tana riƙe jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5.

Na biyu numfashi. Huhunsa bai gama ƙosawa ba, shi ya sa ake sa masa iskar oksijin ko na'urar da ke tura masa iska a hankali ta hanci.

Na uku ci. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya daidaita sai wajen sati 32 zuwa 34. Kafin nan ta siririyar roba ake zuba masa nono zuwa ciki.

Na huɗu shawara. Shuɗiyar fitilar nan da ake kunna masa a rufe masa ido, maganin shawara ce, don kada ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Na biyar kariya daga ƙwayoyin cuta. Na taɓa raka wani bawan Allah daga masallacinmu duba 'ya'yansa, sai na tarar da kakar yaran tana ta faɗa wai an hana ta ganin jikokinta. Na ce mata, Hajiya, murar da ke ba ki damu da ita ba, ga wanda nauyinsa bai kai kilo 2 ba babbar cuta ce, haƙurinki a bakin ƙofar nan shi ma zumunci ne. Ni ma daga bayan gilashi na yi musu addu'a, kuma addu'a ba ta buƙatar a buɗe mata ƙofa.

Haka nan duk abin da zai shiga bakinsu, dabino ne, zamzam ne, rubutu ne, sai da izinin likita. Tauna dabino a shafa wa jariri sunna ce, amma ga wanda bai iya haɗiya ba yana iya sarƙe shi, kuma shari'a ba ta yarda a cutar da rai don a raya mustahabbi ba. Zuma kuwa ba a ba jariri sai ya shekara. Wanzami da cire beli da gashin cibiya, duk a ajiye su gefe.

3. AIKIN UWA DA UBA

'Yar uwa, akwai abu biyu a wurinki da babu kantin da ke sayar da su.

Na farko nononki, musamman dakashi, ruwan farko mai kauri da wasu suke zubarwa wai ƙazanta ne. Wallahi shi ne kariyar farko ta jariri, kuma nonon uwa yana rage wa bakwaini haɗarin wani mugun ciwon hanji da ke kashe irinsu. Tunda ba su iya tsotso ba, sai ki riƙa tatsa, aƙalla sau 8 tsakanin dare da rana. Ɗan ɗigon farko kada ki raina shi, yawan tatsar ne ke kawo ruwan.

Na biyu ɗumin ƙirjinki. A ɗora jariri daga shi sai nafkin da hula, fata ta taɓa fata, a ɗaure da zani. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara wannan a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalabe suka yi musu kaɗan, aka sa masa sunan dabbar nan kangaru mai ɗaukar ɗanta a aljihun cikinta. A 2021 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife, a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. An ga fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da jiran sai jariri ya daidaita. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta. Ku tambayi ma'aikatan jinya yaushe za ku fara.

To ɗan uwa, ƙirjin uwa ɗaya ne, yara uku ne. Nan aikinka ya shigo. Ka cire riga ka rungumi ɗanka, babu abin kunya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki jikarsa Umama yana salla, ya kuma sumbaci jikokinsa a gaban mutane. Alkunyar ɗan fari al'ada ce, kada ta hana ka ceton rai. Idan an nemi jini ka bayar, ka kira 'yan uwa su bayar, halal ne kuma ba ya haifar da muharramaka. Ka ciyar da mai jego da kyau, ka kuma lura da ita. Idan ka ga kuka ya yi yawa, barci ya ƙaurace, ba ta son ganin yaran, ka faɗa wa likita. Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana da magani, ba raunin imani ba ne.

4. SUNA DA AƘIƘA

Raɗa suna ba ya jiran taro. Annabi ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun daren da aka haife shi. Ku sa musu suna suna cikin kwalba, ku riƙa kiransu da shi a addu'a.

Aƙiƙa sunna ce a wurin jumhurin malamai, ba wajibi ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, dabba ɗaya ce ga kowane jariri, namiji ko mace, ranar bakwai, wato 'yan uku dabbobi uku. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce biyu ga namiji, ɗaya ga mace. Mashahurin zancen Malikiyya shi ne tana faɗuwa idan ranar bakwai ta wuce, amma akwai riwayar da ta ba da damar bakwai na biyu da na uku, Shafi'iyya kuma sun buɗe ƙofa har zuwa balaga. Mai hali ya yanka ko da yaran suna asibiti, aski kuma a jinkirta.

Amma ku riƙe wannan: magani da abincinsu wajibi ne a kan uba, rago sunna ne. Wanda ya sa hannu ya fitar da jarirai daga asibiti wai kuɗi sun ƙare, sannan ya kafa rumfa ya yi ankon suna, ya juya addini a baibai.

5. IDAN NONO BAI ISA BA

Mata da yawa suna iya shayar da fiye da ɗaya, kada a yi saurin yanke ƙauna. Idan bai isa ba, shayarwar wata mace halal ce, Annabi ma Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Sharaɗi biyu ne. Na lafiya: a gwada jininta don cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, komai ya bi ta hannun likita. Na shari'a: a san wace ce, a rubuta. A wurin Malikiyya da Hanafiyya, duk nonon da ya isa cikin jariri cikin shekara 2 yana haramta aure komai ƙanƙantarsa, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce sai sau 5. Malikiyya sun ƙirga har wanda aka ɗura ta baki ko ta hanci, don haka na roba ma ya shiga. Gudun cakuɗewar nasaba ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa rumbun tara nonon matan da ba a san su ba.

A 'yan uku sai an ƙara lura. Idan ɗaya ne kawai ya sha, shi kaɗai ne ya zama ɗan wannan matar, hukuncin bai shafi sauran biyun ba. A rubuta sunan wanda ya sha da kwanan wata, a ajiye, saboda shekara ashirin masu zuwa.

6. IBADAR MAI JEGO

Jinin da ya zo bayan haihuwa jinin biƙi ne, ko bakwaini aka haifa, ko aiki aka yi. Iyakarsa kwana 60 a Malikiyya, 40 a Hanafiyya da Hanbaliyya. Idan ya ɗauke kafin nan, ko a kwana goma ne, ta yi wanka ta yi salla, ba sai an yi arba'in ba. In tsayuwa ta gagara saboda ɗinki ta yi a zaune, in ruwa zai cutar ta yi taimama. Idan azumi zai rage nonon ta sha, ta rama daga baya, a Malikiyya kuma ta ciyar da mudu ɗaya na Annabi a madadin kowace rana.

7. IDAN ALLAH YA KARƁI ƊAYA

Wannan yana faruwa, kuma gara a san hukuncin. Jaririn da ya fito da rai tabbatacce, ya yi kuka ko ya rayu kwanaki a kwalba, cikakken mutum ne. A yi masa wanka da likkafani da salla, yana gado ana gadonsa. Wanda bai nuna rai ba, Malikiyya sun ce a lulluɓe shi a binne ba salla, Hanbaliyya kuma sun ce a yi masa in ya kai wata 4 a ciki. Don Allah a daina ce wa uwa ai saura biyu. Kowanne ɗanta ne. Annabi ya zubar da hawaye a kan Ibrahim.

8. MU KUMA FA?

Mu jama'ar Abakpa da Unguwar Shanu da kewaye, kada taimakonmu ya tsaya a rubuta masha Allah a ƙarƙashin hoto. Uban da kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsa, ko bashi ya hau kansa saboda shi, ya cancanci zakka. Wanda ba shi da kuɗi ya kai abinci, ko ya riƙe yaran da aka bari a gida, ko ya ba da jini. Masu neman taimako kuma a tsare mutuncin iyalin, ba sai an yaɗa hoton mai jego ba.

Bayan sallama aiki bai ƙare ba. Ku tambayi likita gwajin ido, ana so a yi shi wajen wata ɗaya da haihuwa, domin akwai ciwon ido na bakwaini da ke makantarwa in an makara, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna. Haka gwajin ji, Cibiyar Kunne ta Ƙasa ma a Kaduna take. Wajen zama da rarrafe a riƙa cire satuttukan da suka yi saura, wanda ya zo da saura wata 2, in ya kai wata 6 kamar ɗan wata 4 ne. Kada a gwada shi da ɗan maƙwabta.

Allah Ya ba jariran da ke kwance lafiya, Ya raya su a kan Musulunci, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya saka wa ma'aikatan da ke kwana a kansu da alheri. Wanda ya san gidan da ke cikin wannan hali ya tura musu.

Wallahu a'alam.

Ɗan uwanku, daga Abakpa, Kaduna.