Darasi na 14: Yadda Gidajen Abala Suke Tsallake Shekarar Wuya

Abala gari ne a arewacin Filinge, cikin jihar Tilaberi. Yana cikin kwarin Dallol Boso, a ƙasar Kurfai. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. Suna noman gero da wake, suna kiwon awaki da tumaki da shanu da raƙuma. Ruwan sama bai cika yawa ba, damina kuma gajera ce.

Ƙasar nan ta sha wuya sau da yawa. An yi babban fari a 1973, an sake yin wani a 1984. A shekarar 1984 ɗin Najeriya ta rufe iyakarta, hatsi ya daina shigowa, har Hausawan Nijar suka sa wa yunwar suna El Buhari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada. A 2004 fara ta sauka kan gonaki, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, aka shiga yunwa a 2005.

Idan shekara ta ɓaci, abu biyu ke faruwa a kasuwa. Kuɗin tiyar gero ya hau, kuɗin bisashe ya faɗi, don kowa na son sayar da dabbarsa kafin ta rame. Shi ya sa mai gida mai hangen nesa yake sayar da rago tun da kaka, ya sayi hatsi yana da araha. Yakan bar matan dabbobi, don su ne za su maido da garke. Ba ya taɓa irin shuka, ko da yunwa ta yi tsanani, domin wanda ya ci iri ba shi da abin zubawa a rami ran da ruwa ya sauka.

Uwar gida ita ke auna abin da ake ɗebowa daga rumbu. Tana rage tuwo, ta ƙara ganye. Mata da yara suna shiga daji su tsinko jiga da tafasa da aduwa. Suna ɗebo ƴaƴan anza, su jiƙa su kwana da kwanaki suna sake ruwa, har ɗacin ya fita. Anzar da ba a jiƙa sosai ba tana sa ciwo. Mata kuma suna zuba adashi, kowace ta kwasa idan layi ya zo kanta.

Samari suna tafiya cin rani Yamai ko Kwatano ko Legas ko Abijan. Suna aiko da kuɗi, su dawo kafin shuka. A cikin kwarin Dallol ruwa ba shi da nisa, saboda haka wasu suna gina rijiya su yi lambu. Gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani bayan farin 1984.

Akwai kuma taimakon juna. A wasu ƙauyuka an kafa bankin hatsi: a sayi gero da kaka, a ajiye, a sayar wa mutanen gari da sauƙi lokacin bazara. Fulani suna da al'adar habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya, idan ta haihu ya riƙe maruƙa, ya mayar da uwar. A 2012 ƴan gudun hijira daga Mali suka sauka Abala, aka zauna tare da su. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Me ya sa kuɗin bisashe yake faɗuwa a shekarar fari?
2. Don me mai gida ba ya taɓa irin shuka?
3. Yaya ake gyara anza kafin a ci?

Lissafi

Wani gida yana cin tiya 2 ta gero kullum. Tiya 180 ta rage a rumbu. Kwana nawa za ta kai su?

Aikin gida

Ku tambayi kakanninku sunan wata shekarar yunwa, da abin da suka ci a cikinta. Ku rubuta amsar da Hausa, sa'an nan da Faransanci.