Gado da hali: mi muke gado, mi muke koyo?

Wanda ya shibka hatsi ba ya girbin dawa. Haka ɗan Adam yake gadon kama da launi daga uwa da uba. Cikin jikinmu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000.

Wanda ya gano ƙa'idar gado malamin addinin Kirista ne, sunansa Mendel. Da wani waken Turai ya yi bincikensa, ya wallafa shi a 1866. Ibada ba ta hana shi bincike ba.

Akwai ciwon da ake gado, kamar amosanin jini. In uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki yana iya zuwa da ciwon, sau ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa awon jini kafin aure yake da amfani.

To, hali fa? Gado yana da hannu ciki, amma babu wata ƙwaya guda ta sata ko ta ƙarya. Tagwaye masu kama ɗaya gadonsu ɗaya ne, amma halinsu yakan bambanta. Iri mai kyau ma sai da ruwa da taki. Yaro sai da abinci, tarbiyya da karatu.

Addini ya koya mana kowa zai amsa aikinsa, ba na ubansa ba. Saboda haka kada mu kira ɗan ɓarawo ɓarawo. Mu sa shi makaranta, mu ja shi a jika.