Darasin Kasuwanci: Hoton Gida da Amanar Dillali

A manyan birane irin su Legas, Abuja da Fatakwal, yawancin cinikin gidaje da haya yana farawa ne daga hoton da dillali ya aika ta WhatsApp ko Facebook. Wannan ya sauƙaƙa talla, amma ya buɗe ƙofar algus, musamman ga ɗan kasuwar da ke nesa, wanda kan biya kafin-alƙalami tun bai taka ƙafa a gidan ba.

Hanyoyin yaudarar sanannu ne. Ta farko ita ce amfani da kyamara mai faɗaɗa gani, wadda kan mayar da ƙaramin ɗaki tamkar zaure. Ta biyu, ɗaukar hoto da rani a unguwar da ruwa ke mamayewa da damina, kamar wasu sassan Lekki. Ta uku, goge tsagar bango da laimar rufi da kwamfuta, ko yanke manyan wayoyin lantarki da juji daga gefen hoto. Ta huɗu, wadda ta fi muni, nuna zanen kwamfuta na ginin da ba a kammala ba, ko hoton wani gida dabam.

Ya kamata a bambance ƙawata haja da ɓoye aibu. Share gida da buɗe tagogi kafin ɗaukar hoto ba laifi ba ne. Amma duk abin da zai sauya farashi idan mai saye ya sani, ɓoye shi cin amana ne, domin la'adar dillali ladan gaskiyar bayaninsa ce.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Masu Sayayya ta 2018 ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa wajen tallar kaya, kuma hukumar FCCPC ce ke karɓar ƙorafi. Hukumar ESVARBON, wadda Dokar Soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa, ita ke yi wa ƙwararrun masu kimanta gidaje rajista, tana kuma da ikon ladabtar da su. A Legas kuwa, wajibi ne dillalan gidaje su yi rajista da hukumar LASRERA.

Saboda haka, mai saye ya ziyarci gidan da kansa ko ya tura amintaccen wakili, ya tambayi maƙwabta halin unguwar da damina, ya kuma tantance takardar mallaka a ofishin filaye kafin ya biya ko sisi. Dillali shi ma ya rubuta ranar da aka ɗauki hoto, ya bayyana idan zane ne, ya sanya aibun da ya sani a cikin yarjejeniya. Wanda ya yi cinikin biri a sama, da wuya kuɗinsa su dawo sai da doguwar shari'a.