Yadda Ɗa Yake Girma, Tun Daga Ciki Har Ya Balaga

Uwa, wannan darasi naki ne. In ba ki iya karatu ba, ki sa a karanta miki. Ki kira maigida da kakar yara su zauna su ji, domin akwai abin da ya shafe su.

Mun saba ƙidayar shekarun yaro daga ranar haihuwa, amma jikinsa ya fara ginuwa wata tara kafin ranar suna. Daga shigar ciki zuwa ranar da ya cika shekara 2, kusan kwana 1,000 ke nan. Abin da yaro ya rasa a cikin waɗannan kwanaki, da wuya a iya rama masa daga baya.

Wata taran farko

Ana lissafin ciki mako 40, daga ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya fara. Mafarinsa ƙwai ne guda wanda bai kai ƙwayar gero ba. Wajen mako na 6 zuciya ta fara bugawa, alhali ɗan bai fi ƙwayar dawa ba. Kafin wata na 3 ya ƙare, hannu da ƙafa da yatsu duk sun fito, tsawonsa kamar ɗan yatsanki.

Ki lura da lokacin da wannan aiki yake faruwa: lokacin da mata suke ɓoye ciki ne. Mai cikin fari takan yi shiru saboda kunya har sai zane ya tona ta. Kunya hali ne mai kyau, amma ba ta hana zazzaɓi kama mai ciki. Da kin ga wata biyu sun wuce ba al'ada, ki zo awo. Za a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, a yi miki allurar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jariri har ya kasa kama nono. Daga wata na 4 za a riƙa ba ki maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ki kwana cikin sange kullum. Kada ki sha jiƙo ko ƙwayar ƴan talla, domin abin da kika sha yana iya isa wurin ɗan ta hanyar mabiyiya.

Wajen wata na 5 za ki ji motsi. A wata ukun ƙarshe ɗan yake tara yawancin nauyinsa, saboda haka ki ƙara cin abinci: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, zogale, kifi ko nama in an samu. Maigida, buhun hatsi da tulun ruwa ba na mai tsohon ciki ba ne. Jariri mai lafiya yakan zo da kilo 3 ko kusa da haka. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba yana bukatar kulawa ta musamman.

Daga haihuwa zuwa yaye

A sa jariri a nono cikin awa ta farko. Ruwan nonon farko mai kauri, wato dakashi, ba ƙazanta ba ne. Shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse shi a zubar. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara, domin yawancin nono ruwa ne. Kaka takan ce yaro yana jin ƙishi, kuma don ƙauna take faɗa. Sai dai ruwan randa da ake ɗura masa shi ne yake kawo zawo. In yana ƙishi, uwa ta sha ruwa, shi kuma a ƙara ba shi nono.

Nauyinsa yakan ninka biyu wajen wata 5, ya ninka uku in ya shekara. Yakan zauna wajen wata 6, ya yi rarrafe, ya tsaya, ya taka wajen shekara guda. Kowane yaro da nasa saurin, kada ki gwada shi da ɗan maƙwabciya. Amma in ya kai wata 18 bai taka ba, ko kuma ba ya waiwaya in an kira shi, ki kawo shi. Maɗigarsa takan rufe wajen wata 18. In ta faɗa ciki yana zawo, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ba shafe-shafe take so ba, a ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, a kawo shi asibiti.

Haƙori yakan fara fitowa wajen wata 6, kuma ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. A wannan lokaci ne yaro yake kai kome baki. Zawo da zazzaɓi mai zafi ciwo ne, a nemi magani, kada a zauna ana cewa haƙori ne.

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa. Kunu tsararo yana cika ciki ne kawai. Ki dama shi da kauri, ki zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake da ɗan mai. Cikinsa ƙarami ne, don haka a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kwanonsa shi kaɗai, ban da kwanon yayyensa. Ki ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kafin nan ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi uku cikin huɗu na girman ta babba, kuma ba abinci kaɗai take so ba. Ki yi masa magana, ki yi masa wasa, ki amsa gwarancinsa.

Ki riƙa kai shi awo da katinsa, ana cika masa alluran rigakafi. In zaren awon damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, ranar nan za a fara magani. Yaye kuma a yi shi a hankali. Yaron da aka cire daga nono rana ɗaya aka kai shi gidan kaka, musamman da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne muka fi gani ya rame. Ki huta shekara 2 kafin wani ciki.

Ƙuruciya da balaga

Bayan yaye girma yakan tafi sannu. Haƙoran nono 20 sukan cika kafin shekara 3, famfara ta fara wajen shekara 6. Sai balaga ta zo, girma ya sake yin sauri. Yarinya takan riga yaro, nono ya fito, al'ada ta biyo baya. Yaro kuma murya ta buɗe, kafaɗa ta yi faɗi.

A nan muna roƙon iyaye maza su saurara. Ganin al'ada ba ya nufin jikin yarinya ya gama ginuwa. Ƙashin ƙugunta yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka. In ta ɗauki ciki da wuri, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya, kuma kan jariri yana iya kasa wucewa. Doguwar naƙuda ita ce take kawo mutuwar jariri da yoyon fitsari. Ku bar ta ta kai shekara 18 kafin cikin fari. In kuwa ta riga ta ɗauka, ta haihu a asibiti, ku tanadi kuɗin mota tun cikin yana wata 7. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida, kada a jira gari ya waye.