Gajeren Jadawalin Gashin Sankarar Mama Bayan Tiyata: Ingancinsa, Illolinsa da Abin da Ya Kamaci Matan Karkara

Sankarar mama, wadda wasu ke kira kansar nono ko ciwon dajin mama, ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijeriya, domin ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa a shekarar ta kama mata fiye da 32,000 a ƙasar, ta kuma yi ajalin fiye da 16,000. Mafi yawan masu ciwon sai ya ci jiki suke isa asibiti, amma akwai waɗanda ake gano nasu da wuri, wato tun ƙarin bai girma ba kuma bai wuce mama da kaluluwar hammata ba. Waɗannan su ne suka fi kowa rabon warkewa, sai dai wasunsu kan yi asarar wannan rabo a mataki na ƙarshe, domin bayan tiyata ta yi kyau kuma ɗinki ya warke, sai tafiya gashi ta gagara saboda nisa da tsada da tsoro. Ga matar da ke zaune a Dugabau ta ƙaramar hukumar Kabo, ko a ƙauyukan Gwarzo, yawan kwanakin da gashi zai ci shi ne sau da yawa ke raba gardama tsakanin kammala magani da barinsa a hanya.

Gashi da dalilin yin sa

Kalmar gashi tana rikita mutane, domin wasu na ɗaukar ta da ma'anar gashin ƙashi da ake yi wa masu karaya ko shanyewar jiki, wasu kuma na zaton wuta ake kara wa mama. Abin da ake nufi a nan shi ne haska wani irin haske mai ƙarfi, ɗan uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, a kan wurin da aka yi wa aiki, domin ya kashe ragowar ƙwayoyin sankara da ido ba ya gani kuma wuƙar likita ba ta kai gare su ba. Mara lafiya tana kwanciya ne na 'yan mintoci, ba ta jin zafi lokacin da na'ura ke aiki, sannan ta tashi ta koma masauki.

Amfaninsa tabbatacce ne, musamman ga wadda aka cire wa ƙarin kaɗai aka bar mata mamanta. Wani babban nazari da masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta a 2011, wanda ya tattara bayanan mata 10,801, ya nuna cewa gashi ya rage dawowar ciwon cikin shekara 10 daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kusan kashi 19, ya kuma rage mutuwa saboda ciwon cikin shekara 15 daga kusan kashi 25 zuwa kashi 21. Saboda haka cire ƙari ba tare da gashi ba, ga mafi yawan mata, aiki ne da aka bari bai kammala ba, ko da kuwa mara lafiya tana jin ta samu sauƙi sarai.

Yadda aka rage kwanaki

Ana auna ƙarfin gashi da wani ma'auni da ake kira gire, kuma ana rarraba jimillar da likita ya ƙayyade zuwa zama-zama na kullum, daga Litinin zuwa Juma'a. Tsohon tsari shi ne gire 50 a zama 25 cikin mako 5, bisa tunanin cewa ba da kaɗan-kaɗan yana ba lafiyayyen nama damar farfaɗowa tsakanin zama da zama. Daga baya bincike ya gano cewa ƙwayoyin sankarar mama ma suna cin moriyar wannan sassauci kusan yadda lafiyayyen nama ke ci, don haka ya fi dacewa a ɗan ƙara ƙarfin kowane zama, a rage yawan zaman, sannan a rage jimillar gaba ɗaya.

An gwada wannan tunani a kan dubban mata kafin a amince da shi. A Kanada an kwatanta gire 42.5 a zama 16 da tsohon tsari a kan mata 1,234, kuma sakamakon shekara 10 da aka fitar a 2010 ya nuna ciwon ya dawo wa kashi 6.2 na masu gajeren tsari da kashi 6.7 na masu dogon. A Birtaniya, binciken START-B ya gwada gire 40 a zama 15 cikin mako 3 a kan mata 2,215, kuma sakamakonsa na 2013 ya nuna dawowar ciwon ga kashi 4.3, alhali masu mako 5 sun samu kashi 5.5, sannan motsewar mama da kumburinsa sun fi ƙaranci ga masu gajeren tsari. A 2020 kuma binciken FAST-Forward, mai mahalarta 4,110, ya nuna cewa gire 26 a zama 5 cikin mako guda bai gaza tsarin mako 3 ba, domin bayan shekara 5 ciwon ya dawo wa kashi 1.4 a tsarin mako guda da kashi 2.1 a na mako 3. Hatta waɗanda aka cire wa mama gaba ɗaya, waɗanda su ne suka fi yawa a asibitocin Nijeriya, wani bincike da aka yi a Beijing ta ƙasar Sin a kan mata 820, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa zama 15 ya yi daidai da zama 25.

Waɗannan alƙaluma suna kawar da zato biyu da kan shiga zuciyar iyalai. Na farko shi ne zaton cewa gajeren tsari rangwame ne da ake yi wa talaka, alhali shi ne tsarin da manyan asibitocin Birtaniya da Kanada suka mayar ƙa'ida ga kowa. Na biyu shi ne fargabar cewa ƙarin ƙarfin kowane zama zai fi ƙona fata, alhali abin da aka gani shi ne saɓar fata da gajiya sun fi sauƙi a gajeren tsari, saboda jimillar hasken da jiki ya karɓa ta ragu.

Abin da hakan ke nufi ga matar Dugabau

Ba a yin gashi a ƙananan asibitoci irin na Kabo da Gwarzo, kuma shekaru da dama marasa lafiya daga Jihar Kano, ciki har da waɗanda aka yi wa tiyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ana tura su ne zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, kafin a ƙaddamar da sabuwar cibiyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025. Ko an bi ta Kano, ko an bi hanyar Dayi da Malumfashi da Funtuwa zuwa Shika, tafiyar ta wuce a je a dawo kullum, don haka dole a kama masauki, a ciyar da mara lafiya da mai jinya, a bar yara a hannun kishiya ko kaka, kuma idan abin ya faɗo da damina ko kaka, gona ma ta ji a jikinta. Rage zama daga mako 5 zuwa 3, ko zuwa mako guda, yana rage duk wannan ɗawainiya, yana kuma ba na'ura ɗaya damar yi wa mata da yawa aiki a ƙasar da na'urorin suka yi ƙaranci kuma layi ya yi tsawo.

Duk da haka zaɓen tsari aikin likitan gashi ne, domin yana duba shekarun mara lafiya, girman ƙarin, ko ciwon ya taɓa kaluluwa, da irin na'urar da cibiyar ke da ita. Tsarin mako guda yana buƙatar a tsara shi da hoton na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, kuma mafi yawan waɗanda aka gwada shi a kansu mata ne da suka haura shekara 50 masu ƙananan ƙari, alhali a Nijeriya ciwon kan kama mata da ƙuruciyarsu. Mace mai ƙananan shekaru sau da yawa ana ƙara mata zama 5 zuwa 8 a daidai gurbin da aka cire ƙarin, saboda nan ne ciwon ya fi dawowa, kuma ya kamata a lissafa waɗannan kwanaki cikin guzuri tun daga gida.

Illoli na kusa da na nesa

Illar da ta fi bayyana ita ce ta fata, wadda ga baƙar fata kan zo da duhu da bushewa da ƙaiƙayi maimakon ja, wani lokaci kuma da saɓa a ƙarƙashin mama ko a hammata inda gumi ke taruwa. Abin lura a gajeren tsari shi ne wannan illa kan kai ƙololuwarta mako 1 zuwa 2 bayan an gama gashi, wato bayan mara lafiya ta dawo gida, kuma rashin sanin haka na iya sa dangi su ɗauka ciwon ne ya dawo ko asibiti ne ya ɓata aiki, har su garzaya wurin mai magani. Galibi fatar kan warke cikin makonni kaɗan, ko da yake duhun na iya ɗaukar watanni kafin ya washe. Gajiya da ɗan kumburin mama da tsukar da ke zuwa tana wucewa su ma sanannu ne, amma gashin mama ba ya zubar da sumar kai, domin wannan aikin allurar maganin sankara ne da ake kira kemo.

Illolin nesa, waɗanda ke fitowa bayan watanni ko shekaru, sun haɗa da taurin mama ko motsewarsa, ciwon haƙarƙari, kumburin hannu idan an cire kaluluwar hammata ko an gasa wurin, da kumburin huhu wanda ba kasafai ake samunsa ba. Idan maman hagu ne, ana kula da zuciya, domin wani nazari na 2013 ya nuna haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana ƙaruwa gwargwadon hasken da ya same ta, shi ya sa a wasu cibiyoyi ake koya wa mara lafiya ta ja dogon numfashi ta riƙe, domin huhu ya cika ya nisanta zuciya daga ƙirji. Hasken ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura, saboda haka babu dalilin ware wa mace kwano ko shimfiɗa, ko hana ta ɗaukar ɗanta.

Abin da ya kamata a yi

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata a nemi takardar turawa da ranar ganin likitan gashi tun lokacin da ake shirin tiyata, domin ana son a fara gashi cikin mako 4 zuwa 8 bayan aiki idan ɗinki ya warke, ko 'yan makonni bayan kammala kemo ga wadda aka rubuta wa shi. A tafi da sakamakon gwajin naman da aka cire da duk hotunan da aka ɗauka, a kuma tambayi likita kai tsaye ko zama 15 ko zama 5 zai dace da mara lafiya, ko za a yi ƙarin zama, da abin da za a yi idan na'ura ta tsaya, tun da zaman da aka rasa ramawa ake yi. Masu ƙaramin ƙarfi su nemi bayani a asibiti kan asusun tallafin masu sankara na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2021 domin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su. Wajibi ne a sanar da likita idan akwai ciki ko zaton ciki, domin ba a yi wa mai juna biyu gashi, kuma wadda ke shayarwa ko ke son yin azumi ta nemi shawararsa tukuna.

Wurin da ake gasawa a wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ba tare da soso ba, a tsane shi da tattausan ƙyalle, a kuma kiyaye alamun da ma'aikata suka zana. A nisanta shi daga ruwan zafi irin na wankan jego, da turare, da man bilicin, da man zafi, da ƙulle-ƙullen ganye, kuma kada a yarda da tsaga ko ƙaho ko sakiya a kansa. Ko man kaɗanya sai an nuna wa ma'aikatan jinya sun amince. Riga mai yalwa ta auduga ta fi dacewa, musamman da bazara, kuma motsa kafaɗa kullum yana hana hannu sagewa. Zazzaɓi, ko ruwa da mugunya daga fata, ko tari da sarƙewar numfashi, ko kumburin hannu, ko sabon kullutu, duk alamu ne da ke buƙatar komawa asibiti ba tare da jinkiri ba. Wadda aka rubuta wa ƙwayoyi irin su tamoxifen ta ci gaba da sha tsawon shekarun da aka ƙayyade, domin gashi bai ɗauke mata su ba.

Nauyin wannan al'amari yana kan miji da 'yan uwa kamar yadda yake kan mara lafiya, domin su ne ke ba da izinin tafiya, su ne ke haɗa kuɗin mota da na masauki. Iyalin da suka sayar da akuya ko buhun dawa suka kai mace har ɗakin tiyata sun riga sun ɗauki kaso mafi nauyi, kuma abin da ya rage musu a yau, ga mata da yawa, mako 3 ne ko ƙasa da haka.