Zaɓen Fedar Filanja Don Kiɗan Post-Punk: Shawarwari Ga Mai Jita

Wanda ya saurari waƙar "A Forest" da ƙungiyar The Cure ta fitar a 1980, ko faifan Juju na Siouxsie and the Banshees na 1981, ya san sautin jitar nan mai sanyi da ƙarar ƙarfe, wanda ke hawa yana sauka a hankali. Yawanci aikin filanja ne, ƙaramin akwatin da ake haɗawa tsakanin jita da amfilifaya a taka da ƙafa. Tana raba sautinka gida biyu, ta jinkirta ɗaya da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, tana ƙara jinkirin tana rage shi, sannan ta sake gauraya su. Makaɗan Ingila na ƙarshen shekarun 1970 ba ƙarar tashin jirgin sama suka nema a wurinta ba, kamar yadda masu kiɗan rok mai nauyi suka yi. Sun so ta a hankali ne, a kan jita mai tsabtar murya, kuma da wannan ma'aunin za ka zaɓa.

1. Tabbatar filanja kake so, ba koras ba.
Ana yawan rikita su, domin ba duk sautin zamanin ne na filanja ba: Peter Hook na Joy Division da fedar koras ta Clone Theory aka san jitarsa ta bes. Jinkirin koras ya fi tsawo kuma yawanci ba ta mayar da sauti cikin kanta, shi ya sa take da laushi, ita kuwa filanja tana da kaifi. Idan kuɗinka na guda ɗaya ne, sayi filanja, don za ta iya kwaikwayon koras in ka sassauta ta, amma koras ba za ta taɓa yin aikin filanja ba.

2. Saurari Electric Mistress kafin komai.
Kamfanin Electro-Harmonix na birnin New York ne ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1970, kuma muryarta siririya ce mai ƙyalli, ba ta danne asalin jitar. Ita Keith Levene na Public Image Ltd ya riƙe, ita ce kuma a waƙar "Walking on the Moon" ta The Police, wadda mutane da yawa ke zaton koras Andy Summers ya taka. Tana da makunnin Filter Matrix da ke tsayar da hawa da saukar cak, sai ka murɗa da hannunka ka ajiye sautin inda kake so, amma ka sani tsofaffinta suna rage ƙarar jita da zarar ka taka.

3. Idan kauri kake so, nemi MXR.
John McGeoch, ɗan Sikotilan da ya yi kiɗa a Magazine kafin ya koma Banshees, ya ɗora MXR M117 ɗinsa a kan sandar makirfo don ya riƙa murɗa ta da hannu yana cikin kiɗa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba a saita filanja sau ɗaya a manta da ita. Sabon bugunta M117R yana kasuwa, sai dai bolt 18 yake ci, ga kuma ƙaramar Micro Flanger mai mamurɗai biyu da ke aiki da bolt 9.

4. In ka rasa zaɓi, ɗauki Boss BF-2.
Ita ce mai launin shunayya, ta fito a 1980, an yi kusan shekara ashirin ana ƙera ta, saboda haka na hannu ba su da wuyar samu kuma farashinsu bai kai na sauran tsofaffi ba. Robert Smith na The Cure ya daɗe da ita a gaban ƙafarsa. A ganina ita ta fi dacewa da wanda zai fara, domin jikinta ƙarfe ne mai jure taku, kuma ƙarar ƙarfen da wasu ke kushe ta da shi, shi ne ainihin abin da wannan kiɗan yake buƙata.

5. Kada ka zuba kuɗi a tsohuwa don sunanta kawai.
Mistress da MXR na farko suna aiki da wani ƙaramin guntun lantarki mai suna SAD1024, wanda an daina ƙera shi tuntuni, in ya ƙone kuwa mai gyaran rediyo na unguwa ba zai samo maka wani ba. Mooer E-Lady ta kwaikwayi Mistress har da makunnin tsayar da sautin, a kuɗi kaɗan, kuma Joyo da Behringer ma suna da masu araha. Na Behringer dai jikinsu roba ne, sai ka taka a hankali.

6. Ƙirga mamurɗan da ke jikinta.
Nemi mai huɗu in da hali: a BF-2 an rubuta musu Manual, Depth, Rate da Res, a MXR kuma Manual, Width, Speed da Regen, aikinsu ɗaya ne. Rate shi ne saurin hawa da sauka, Depth nisan tafiyar, Res yawan sautin da ake mayarwa ciki don ya ƙara kaifi, shi kuwa Manual shi ke zaɓar yankin da motsin zai zauna, sama ko ƙasa. Masu saye suna raina Manual, alhali shi ne zai ba ka damar kawar da motsin daga inda muryar mawaƙi take, musamman in ka rage Depth.

7. Gwada ta a mafi ƙarancin gudu.
A shago kowa yakan murɗe komai zuwa ƙarshe don ya ji jirgi ya tashi, kuma kowace filanja tana burgewa a haka. Kai ka mayar da Rate can ƙasa, ka kaɗa tsirkiya ɗaya ka bar ta ta yi ta ƙara, ka saurara ko hawan yana tafiya sumul ko yana yin tsalle in ya kai ƙololuwa. Wadda ba ta iya tafiyar hawainiya ba, ajiye ta ko da an rage maka kuɗi.

8. Je da jitarka da wayarka, ka kasa kunne ga shirun.
Dafe tsirkiyoyin duka da tafin hannu, ka taka fedar, ka saurara: 'yar iska kaɗan ba laifi ba ce a irin tsohon ƙira, amma ƙas-ƙas mai bin saurin Rate alamar matsala ce. Sai ka taka ka sake takawa kana kiɗa, ka ji ko ƙara na faɗuwa ko yana tsalle. Girgiza bakin wayar a raminsa kuma, domin nan ne na hannu suka fi lalacewa.

9. Karanta abin da aka rubuta game da wuta kafin ka jona.
Wannan ne wurin da ake yin asara cikin daƙiƙa guda: tsofaffin filanja na Amurka masu wayar wuta a jikinsu na bolt 110 zuwa 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, don haka dole sai da taransifoma mai rage wuta. Yawancin ƙananan fedoji bolt 9 suke so, da adaftar da tsakiyar bakinta ke ɗauke da alamar ragi, kuma adaftar wani kayan gida mai baki iri ɗaya tana iya zama akasin haka ta ƙona maka ita. Tsohuwar BF-2 da aka rubuta wa ACA a ƙasanta takan yi rauni da sabuwar adafta in ita kaɗai aka jona, sai ka sa mata batir ko ka haɗa ta a waya ɗaya da wata feda.

10. Tsabtace muryar amfilifaya tukuna.
McGeoch da Smith duk sun yi aiki da Roland JC-120, wadda ba ta kaushi ko an ɗaga ta, kuma ba sai ka mallake ta ba kafin ka ɗauki darasin. Rage kaushi a taka amfilifayar, ka zaɓi maganaɗisun da ke kusa da gadar jita don sautin ya yi tsini, ka rage ƙasa-ƙasan kaɗan. Fara da Rate a kusan rubu'i, Depth a tsakiya, Res ƙasa da rabi, daga nan ka bi kunnenka.

11. Sauya yadda hannunka yake kaɗawa.
Filanja ba ta son a share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya da ƙarfi, sai komai ya cakuɗe. Tsinci sautukan ɗaya bayan ɗaya, ka bar tsirkiya guda a sake tana ƙara yayin da yatsanka ke yawo a kan maƙwabciyarta, ka bar sarari tsakani. Rabin abin da ake yaba wa fedar a waɗancan faya-fayan daga wannan salon hannun yake fitowa, kuma ba ya cin ko sisi.

12. Gwada mata wuri biyu a jerin fedojinka.
In ka sa ta bayan fedar kaushi, motsin zai fito fili ya mamaye komai, in kuwa ka sa ta gabanta, zai nutse ciki ya zama ɗanɗano kawai. Na biyun na fi so ga wannan kiɗa. Fedar amsa-kuwwa kuma kullum ta zo bayanta.

13. Mai jitar bes, duba ƙasan sautinka.
Wasu filanja suna cinye nauyin bes, a kiɗan da bes ɗin ne ke jan waƙar. Boss BF-3, wadda ta gaji BF-2, tana da rami na musamman don bes, kuma za ka iya saita saurinta da bugun ƙafa ya yi daidai da ganga.

14. Rufe ta, ka zare wayar.
Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin mamurɗai har su fara ƙarar yashi in an juya su, saboda haka ka sa ta a jaka ko ka lulluɓe ta da ƙyalle bayan kiɗa. In ƙarar ta riga ta fara, feshin wanke kayan lantarki kaɗan da murɗawa gaba da baya sukan isa, kada ka zuba mata man keke. Zare wayar jita daga ramin shiga duk lokacin da ka tashi, domin muddin tana ciki batir yana ci ko da fitilar a kashe take.